Wasa ukku kacal, har mun yanke ma koci hukunci

Nan Tawa babu aikin da ya kai na koci sauƙi, in dai a bakin fada ne. Kowa ya iya shi. Ana naɗa sabon mai horaswa a Madrid ko Manchester ko ma Mena tamu, ƙungiyar ƙasar Nijar, kafin bawan Allah ya gama riƙe sunayen yaran da anka ba shi, mu mun riga mun fidda mishi goma sha ɗayan da za ya sa, mun gaya mishi wanda za ya saida, har ranar korarshi mun aje. Wasa na farko ana kallo, na biyu ana ƙunƙuni, na ukku fada ta rabu biyu. Ɓangare guda na cewa juma'ar da za ta yi kyau tun laraba ake gane ta, a sallame shi kawai. Ɗayan ɓangaren na cewa haba, sannu ba ta hana zuwa, a ba shi lokaci. Kuma in ka lura da kyau, masu cewa a ba shi lokaci yawanci ba ƙungiyarsu ba ce, ƴan adawa ne, so suke ya daɗe yana shan kashi su samu abin dariya.

Ni duka biyun ban yarda da su ba, don duka biyun abu guda suke kallo, watau nawa da nawa anka tashi. Sakamakon wasannin farko kuwa maƙaryaci ne, ta kowane gefe yana iya ruɗin ka.

Guardiola da kowa ke kira gwani yanzu, a 2008 da anka ba shi Barça wasanshi na farko a lig Numancia ce ta ci shi 1-0, ƙungiyar da ta hau rukunin farko a shekarar, na biyu kuma ya yi 1-1 da Racing Santander a gida. Maki guda cikin shida, bayan ya sallami Ronaldinho da Deco. Da a fadarmu ne wallahi da tuni an yi mishi jana'iza. Ƙarshen kakar ya ɗauki lig da kofin sarki da kofin Zakarun Turai. To juya ka dubi Xabi Alonso a Madrid cikin 2025. Farkon kaka cin wasa yake kamar ba gobe, in ka cire 5-2 da Atletico ta yi mishi, har Barça ya doke 2-1 ranar 26 ga Oktoba, ƴan Madrid na nan sunka hana mu barci da hon ɗin babura. Kafin tsakiyar Janairun 2026 ya bar aikin, kwana guda bayan Barça ta ci shi 3-2 a wasan ƙarshe na Super Cup a Jidda. Wanda ke neman alama tun farko, ba a allon maki take ba, tana cikin wancan wasan da ya ci ɗin, sa'ad da ya fidda Vinicius yaron ya fita yana bambami yana wurgi da hannuwa ya wuce ɗakin canza kaya bai ko dube shi ba. Ranar da ya fi kowa murna ita ce ranar da kowa ya ga yaran ba su hannunshi.

Abin da nike dubawa ni, takardar jerin ƴan wasan nan ce da ake fiddawa wajen awa guda kafin wasa, wadda yara ke turowa a WhatsApp tun ba a buɗe gidan kallo ba. Wa ya sa, wa ya aje benci, wa ya ɗauke daga wurinshi ya maida wani wuri. Sai tambaya guda: mutumin nan ya dubi ƴan wasan da ya tarar ne ya shirya musu wasa, ko kuwa da tsarinshi ya zo cikin jaka yana neman ya cusa su ciki ko sun shiga ko ba su shiga ba?

Arne Slot shi ne misalin da ya fi sauƙi. Ya gaji Klopp a 2024, kowa na cewa Liverpool ta mutu, kulob ɗin ya nemi Zubimendi don ya riƙe lamba shida yaron ya ƙi barin Real Sociedad, kusan ba su sayi kowa ba sai Chiesa da bai ma buga wani abin kirki ba. Me ya yi? Ya duba cikin gida ya ga Gravenberch da ke zaman benci lokacin Klopp, ya maida shi gaban masu tsaron baya, shi ke nan. Kuma wasan farko da Ipswich, an tahi hutun rabin lokaci babu ci, ya cire Quansah ya sa Konaté don yaron na shan kaye a ƙwallayen sama, sunka ci 2-0. Wanga canjin guda ya fi gaya mini wane ne Slot bisa ga kofin da ya ɗauka a Afrilun 2025. Abin mamaki, kaka ta biyu da anka zuba mishi kuɗɗi anka sayo Wirtz da Isak, a nan ne abin ya rikice mishi, amma wagga magana ce ta wata rana.

Flick na Barça kuma nashi daban ne, don shi da taurin kai ya zo. Ya ce masu tsaron bayanshi za su tsaya kusan tsakiyar fili suna kama mutane da satar gida, da yaro ɗan shekara 17, Cubarsí, da dattijo Iñigo Martínez mai 33. Kowa ya ce hauka ne, ranar da ya haɗu da masu gudu za a yi mishi ruwan ƙwallaye. Daren 26 ga Oktoban 2024 a Bernabéu ina gidan kallon unguwarmu, rumfar kwano ce da bencina, zafi kamar me, mai gidan ya tada gurup don wuta ta ɗauke tun magariba, hayaƙin na shigowa ta bayan tele. Duk sa'ad da anka jefa ma Mbappé ƙwallo ƴan Madrid su miƙe tsaye gaba ɗaya har benci ya ɗaga, sai mai tuta ya ɗaga hannu, su koma su zauna. Da ya zura ta farko wani yaro ya tuɓe riga ya fita waje da gudu yana ihu, kafin ya dawo an soke ta, ya shigo yana tambayar me ya faru babu wanda ya iya ba shi amsa don dariya. Sau takwas anka kama Mbappé a daren nan, anka tashi 4-0, Lewandowski biyu, Yamal da Raphinha ɗai ɗai. Wani dattijo tela da ke zama gaba kullum, ɗan Madrid na gani kashe ni, ya juyo ya ce ma yaran, ku bar zagin mai tuta ɗiyana, tarko anka ɗana muna kuma mun faɗa, ku tashi mu tahi gida.

To za ka ce ai ga shi taurin kai ya yi rana. E, amma dubi da wa ya yi shi. Yaran La Masia ne, makarantar ƙwallon Barça, da sunka tashi da riƙon ƙwallo da matsa ma abokin gaba tun suna ƙanana, ya ɗauko Casadó da ba kowa ya san shi ba ya sa tsakiya, ya ba Raphinha da ake shirin saidawa ƴanci. Tsarin ya zauna musu. Guardiola ma haka, da ya kori Ronaldinho ai ya san yana da Xavi da Iniesta da Messi, kuma Busquets da Pedro shi ya horar da su a ƙaramar ƙungiyar Barça kafin ya hau. Kuma ko Flick ɗin ranar biyan bashi ta zo, Inter ta zuba mishi bakwai a wasa biyu na kusa da ƙarshe ta fidda shi 7-6.

Wanda ya fi cinye muna ganyen shayi a fada dai Amorim ne. Ƴan Manchester na garin nan Allah ya ba su haƙuri, tun tahiyar Ferguson a 2013 duk wanda anka kawo sai su ce wanga ne, wanga ne. Amorim ya zo Manchester United Nuwamban 2024 daga Sporting da kofin lig biyu na Fotugal a hannu, matashi, ga iya magana, ga shi ya lallasa Man City 4-1 ana saura kwanaki ya taso. Tun wasan farko da Ipswich, 1-1, ya jera masu tsaron baya ukku, da mutum biyu a gefe da za su yi ta hawa da sauka, da biyu kacal a tsakiya. Matsalar ita ce ƙungiyar da ya tarar an sayo ta ne don baya huɗu da ƴan gefe masu gudu. Sai ya zama kamar telan da ya iya ɗinki guda, ko yadi nawa ka kai mishi, ko kai dogo ne ko gajere, rigar nan dai za ya yanka maka, in ba ta shige ka ba ya ce jikinka ne ke da matsala. Amad da ya kamata ya zauna kusa da raga an maida shi mai gadin gefe, Bruno da ke ba da ƙwallon ci an jawo shi baya yana bin mutane, Mainoo da Ingila ta buga wasan ƙarshe na Euro 2024 da shi ya koma ɗan kallo.

Ranar 15 ga Disamba ya bar Rashford da Garnacho a gida ya tahi Etihad ya ci City 2-1, Amad ya zura ta biyun ana dab da tashi. Kai, ranar ƴan Manchester sun sha iska. Wani ƙanen abokina har cewa ya yi, yaya ka gani ko, namiji ya zo, an daina wasa da koci. Na ce mishi ƙanena aje babban ɗan wasa a benci ba shi ne jarumta ba, Ten Hag ma ya aje Ronaldo da Maguire a 2022 ya ci Liverpool 2-1 bayan Brentford ta yi mishi 4-0, kun yi irin wagga murnar, ina yake yanzu? Abin tambaya shi ne wa za ya ci maka ƙwallayen da Rashford ke ci. Sunka gama kakar a na 15 da maki 42, Tottenham ta ci su 1-0 a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao, sabuwar kaka kuma Grimsby ta rukuni na huɗu ta fidda su a kofi da bugun fenariti. Duk da haka mutumin ya ce ko Paparoma bai isa ya sa shi canza tsari ba. An ba shi lokacin, an ba shi kuɗɗin, wata goma sha huɗu, anka sallame shi farkon Janairun 2026. Abin da anka gani a ƙarshe shi ne abin da ke rubuce a takardar Ipswich tun ranar farko. Shi ya sa in anka ce mini Ferguson ma sai da ya shekara kusan huɗu kafin kofin farko a 1990, sai in ce lokaci ba ya gyara wanda ya rantse ba ya sauyawa.

Amma fa mu ma ƴan kallo a faɗi gaskiya, rabin hukuncin da muke yankewa ba na dabara ba ne, na son kai ne. Da yawanmu ba kulob muke so ba, mutum muke so. Akwai waɗanda sunka bi Ronaldo daga Madrid zuwa Juventus zuwa Manchester, yanzu suna neman tashar da ke nuna Al-Nassr. Irin wanga in koci ya aje gwaninshi, ko ya ci goma ba ya burge shi. Ga kuma masu caca a salula, wanda tikitinshi ya ƙone saboda canjin da anka yi a minti na 80, gobe shi ne za ka ji yana bayanin cewa kocin bai san aiki ba. Ba ya gaya maka jaka biyu ce ta tahi.

Mu Adarawa da rabin danginmu ke Abijan, CAN, gasar kofin Afirka, ta Kodebuwa a Janairun 2024 kamar a tsakar gidanmu anka yi ta, kuma ita ce ta fi nuna abin da nike nufi. Equatorial Guinea ta yi musu 4-0 a gabansu, anka kori kocinsu Gasset gasa ba ta ƙare ba, sunka tsallake da ƙyar don Maroko ta ci Zambiya, sunka nemi aron Hervé Renard daga Faransa anka hana su, sai anka ce ma mataimaki Emerse Faé to riƙa muna. Mutumin da bai taɓa jan babbar ƙungiya ba. Ba ya da lokacin koya ma kowa sabon tsari, kwana nawa ne duka. Abin da ya yi kawai zaɓen mutane: ya maido tsofaffin hannu, Seri a tsakiya da Max Gradel da Aurier, ya aje Kessié a benci a wasan Senegal mai riƙe da kofi. Ƴan uwa na can na ta turo saƙon murya, wanga yaron ya haukace, wa ke aje Kessié. Kessié ɗin ya shigo daga baya ya farke da fenariti, shi ya kuma buga na ƙarshe da ya fidda Senegal. Sunka ci Mali da mutum goma, sunka ci Kwango, ranar 11 ga Fabrairu sunka ci Najeriya 2-1. Wasa huɗu, kofi. Wa ya ba Faé lokaci?

Sai Mena, inda hukuncinmu ya fi zafi kuma ya fi rashin adalci. Kocin ƙasa ba kamar na kulob ba ne da ke tare da yara kullum safiya. Ana ba shi kwana tara ko goma, wasa biyu a ciki, ƴan wasa na isowa ɗai ɗai daga ƙasashe daban daban wani sai ana gobe wasa, kuma shekarun nan ko wasan gida ba a gida muke yin shi ba tun da CAF ba ta amince da filin Seyni Kountché ba, sai waje, irin su Maroko ko Lome. To wace dabara za ka koyar a atisaye biyu ko ukku? Aikin kocin Mena kusan dukanshi a lis yake, wa ya kira, wa ya bari, wa ya lallaso daga waje.

Badou Zaki da ya karɓa a ƙarshen 2023 ba ƙaramin mutum ba ne, golan Maroko a kofin duniya na 1986, gwarzon Afirka na shekarar, shi ya kai Maroko wasan ƙarshe na CAN 2004. Amma da anka fara neman gurbin CAN 2025, wasa huɗu maki guda: Sudan ta ci mu, munka yi 1-1 da Gana, Angola ta ci mu gida da waje. Me ba a faɗa ba a fada da Facebook? Ya tsufa, kuɗɗi ya zo ci, a maido ɗan ƙasa. Sai ga Nuwamban 2024, Sudan 4-0 a Lome, bayan kwana kaɗan Gana 2-1 a Akra, Kudus ya ɓarar da fenariti a mintin ƙarshe. Maki guda ya hana mu tahiya, Sudan 8 mu 7. A neman kofin duniya na 2026 kuma munka gama na biyu bayan Maroko, gaban Tanzaniya da Zambiya. Waɗanda sunka ce a kore shi su ne na ga sun sa hotonshi a status. A nan kam masu cewa a yi haƙuri sun fi gaskiya, ba don haƙuri na da wani sirri ba, don wasa huɗu na ƙasa bai kai mako biyar na aiki ba in ka tara kwanakin, mutum bai ma gama sanin wa ke iya buga mishi ina ba.

Kuma mu da ke kukan a ba ɗan ƙasa, me munka yi da shi sa'ad da ya samu? Harouna Doula ne ya kai mu CAN ta farko a tarihi. Shi ya ci Masar mai riƙe da kofi 1-0 a Yamai a Oktoban 2010 da ƙwallon Maazou, ya ci Afirka ta Kudu 2-1, har ranar wasan ƙarshe na rukuni ƴan Afirka ta Kudun sunka yi ta rawa a fili suna zaton su sunka wuce alhali mu ne, CAF ta ba shi gwarzon koci na 2011. Da gasar 2012 ta matso sai anka kawo mishi Bafaranshe Rolland Courbis wai mai ba da shawara, Gabon ta ci mu 2-0 a wasan farko, daga nan maganar baƙon ta rinjayi tashi. Wasa guda. Munka dawo ba maki ko ɗaya, sai a 2013 da Gernot Rohr munka samu na farko, 0-0 da Kwango.

Doulan nan dai shi ne ya ja ƴan wasan gida zuwa CHAN, gasar Afirka ta masu buga wasa a ƙasashensu, a Aljeriya farkon 2023, inda ya samu makonni yana tare da yaran da ya sani tun a shampiyona, ya ci Kamaru 1-0, ya ci Gana 2-0, ya kai kusa da ƙarshe. Can Aljeriya ta yi muna 5-0. Da safe na biya wurin mai shayi na tarar ana ta yi, wani kawunmu da ko sau ɗaya bai kalli wasan Kamaru ko na Gana ba shi ke kan gaba, wai shi tun farko ya san mutumin nan bai iya jera baya ba. Na ce kawu to wa za a sa? Ya ce wannan kuma ba aikinshi ba ne, a zuba mishi na biyu.